Dariyar Don Eleuterio

A shagon da na fake wa ruwan sama a garin San Pedro, wani dattijo yana buga wasan ƙwayoyi da ake kira domino da mutum uku. Rigarsa fara ce, ta sha guga. Yatsunsa biyu na hagu guntaye ne, irin na waɗanda suka tsufa a bakin injin matse rake. Ina jin can ya baro kunnuwansa ma.

"Don Eleuterio!" in ji mai ƙaton tumbin da ke gefensa, yana washe baki. "Matarka ta ce gara ta yi hira da akuya."

Duk suna ƙyaƙyatawa. Shi ma yana dariya, amma a makare, kamar mai bin motar da ta riga ta tashi.

"Ka gani? Ko uwarsa ka zaga, godiya zai yi," in ji wani, yana dafa masa kafaɗa.

"Haka ne, haka ne!" Dattijon yana gyaɗa kai, muryarsa ta cika shagon.

Ina zaton a gida an daɗe da gajiya da maimaita masa magana. Nan ne kawai ake juyowa a dube shi.

Suna shiga ɗakin ciki karɓo giya, sai murmushin ya ɓace daga fuskarsa. Ya kama ni ina kallonsa.

"Kurma ne ni, ɗana, ba makaho ba," ya ce. "Ina ganin bakinsu."

Ya juya musu ƙwayoyin wasan, ya gyara kujerunsu, ya maido da murmushin kafin su fito.