Ƙwallon Sande da Audugar Baba Ɗanjuma

Wata Juma'a da la'asar, a kakar shekarar da muke aji shida, yaran garin Ƙarfi suka tako a ƙafa har ƙauyenmu don su buga da mu. Tun da hantsi muka gama ɗebo ruwa da kai wa awaki harawa, don kada a tsare mu a gida. Filinmu saura ce da ke bayan makaranta, gola kuma gora biyu da igiya a sama, babu raga. Abin da muke taƙama da shi ɗaya ne, ƙwallon fata na Sande, ɗan wani Bayarabe mai shagon kayan keke. Babansa ne ya sayo masa daga Funtua, kuma duk ƙauyen babu wani sai shi. Kafin zuwan ƙwallon tsumma muke ɗaurewa mu yi ta shuri.

Matsalar tana bayan golar gabas. Nan gonar audugar Baba Ɗanjuma take, ta buɗe fari fat tana jiran tsinka. Tsohon ya gaji da yadda muke tattake masa ita, har ya rantse a gaban liman cewa duk ƙwallon da ya sake faɗawa ciki sai ya tsaga shi da lauje. Ba mutum ne mai rantsuwar banza ba. Ran nan yana zaune gindin ɗorawa a bakin gonar, laujen na kan cinyarsa.

Mun je hutun rabin lokaci muna da ci ɗaya, su babu. Da aka juya, golar gabas ta dawo tamu, ni ne kuma mai tsaron gida. Nan gardama ta kaure. Yayana Lawal, kyaftin ɗinmu, ya ce kowa ya dawo baya mu yi katanga, tunda yaran Ƙarfi sun fi mu tsawo da gudu. "Da muguwar rawa gara ƙin tashi," in ji shi. Sande, wanda a ƙauyen aka haife shi kuma Hausarsa ta fi ta wasunmu, ya ce a'a, mu bi su can gidansu mu matsa musu, kada mai ƙwallo ya samu ko ɗaga kai. "Yaya Lawal, ba a jiran biri ya shiga gona sannan a kore shi. In muka zauna baya za su yi ta bugowa, wanda ya wuce Isa kuma ina zai faɗa?" Isa ni ne, kuma duk mun san amsar.

Da farko shawarar Sande aka bi. Muka yi musu caa kamar kaji sun ga tsaba, duk wanda ya karɓi ƙwallo sai ya ga mutum biyu a kansa. Amma ƙafa ba takalmi, rana kuma ba ta gama sanyi ba, numfashi ya fara ƙarewa. Sau ɗaya wani dogo ya kufce ya taho ni da shi, da ƙyar na rungume ƙwallon a ƙafarsa. Lawal ya daka tsawa, kowa ya koma baya.

Daga nan na shiga uku. Ruwan ƙwallo suka yi ta yi mana daga nesa. Wanda ya nufi gola in kama, wanda ya yi waje ma in bi shi in kama, ina jin tarin tsohon a bayana. Gwiwoyina duk suka saɓule. Tsoro nake ji sosai, kuma ba na a ci mu ba ne. Malamin da ke alƙalanci ya riga ya sa usur a baki sai dogon nan ya sake shararo wani, ya bi ta saman igiya, ya wuce yatsuna, ya faɗa tsakiyar auduga.

Usur ya tashi, mun ci wasa, amma babu wanda ya yi ihu. Muna tsaye Baba Ɗanjuma ya miƙe a hankali, ya shiga gonarsa, muka ji "fuss". Ya jefo mana fatar a ɓare. Sande ya ɗauka, ya kakkaɓe ta, idonsa ya cika da ƙwalla, ya dubi Lawal ya ce, "To kun ci. Gobe da me za a buga?"

Yau jikokina suna da ƙwallo har uku a tsakar gida, filin nan kuwa an gine shi. In suna kallon wasa suna musun a matsa ko a koma baya, ni kullum ina bayan Sande. Bayan wasan nan muka koma ƙwallon tsumma har muka gama firamare, kuma ban taɓa jin wani a cikinmu ya yi alfahari da nasarar nan ba.