Ƙaton allon da ya sa na goge zanen fuskar dattijo

A lokacin riƙon ƙwarya na soja, sa'ad da ake shirin mayar da mulki hannun farar hula, ina da ƴar rumfar buga takardu kusa da tashar motocin Agiye. Na ɗan haura shekara talatin, ga girman kai, ga saurin baki, ba na ƙaunar a gyara mini magana ko da ni ne a karkace. Da na ga zaɓe ya matso, aiki zai yi yawa, sai na tafi Maraɗi na sayo allon ordinater, wato kwamfuta, mafi girma da idona ya gani. Wanda ya sayar mini, har gobe idan na tuna fuskarsa raina ɓaci yake yi. Ya rantse mini cewa ko a buron gwamna, ofishinsa na kansa, babu irinsa. Maƙaryacin banza! Allon dai ƙato ne, amma ƴan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto manya ne a warwatse, kamar ramukan rariya. Ko wane harafi gefensa kamar haƙoran zarto. Kafin la'asar idona ya yi jajir, kaina yana sarawa, amma da mai wucewa ya leƙo ya yaba girman allon sai in manta.

A rumfar da ke jikin tawa akwai wata dattijuwa, tsohuwar sakatariya da ta yi ritaya, ita ma tana buga takardu, mu duka muna ce mata Gwaggo. Allonta ɗan ƙarami ne, amma rubutu a kansa tas kamar a takarda. Ran da na kunna nawa ta shigo ta ƙura masa ido, ta ce mini girman allo ba shi ne kyan gani ba, abin dubawa shi ne yadda ɗigon suka yi ƙanana suka matsu da juna. Ta ce nawa an shimfiɗa ɗigo kaɗan ne a fili mai faɗi, ƙananan abubuwa za su riƙa ɓace mini. Na ce mata hassada ce ke cin ta, ta koma kan ɗan madubinta na kwalliya. Har cikin tasha na riƙa yi da ita, ina cewa tsohuwa ta ga zamani ya wuce ta. Ba ta taɓa ramawa ba, wannan ma ya ƙara mini jin haushinta.

Wata ranar kasuwa wani abokina, malamin lakol, wato makarantar boko, ya kawo mini aiki. Kawunsa na Gidan Sori zai tsaya takarar konseye, wato kansila, ana son babban hotonsa da za a manna a bango da jikin amalanke, don yawancin masu zaɓe a can fuska suke ganewa, ba rubutu ba. Ni ban taɓa ganin mutumin ba. Hoton da ya kawo ɗan mitsitsi ne, irin na katin shaida, ya tsufa a aljihu. Na ɗauke shi a na'ura na shigar cikin ordinater, abokina ya karɓi abinsa ya ruga, mota na jiransa. Da na buɗe hoton a ƙaton allona, sai na ga wasu layuka a kumatun dattijon, a kakkarye, ɗigo nan ɗigo can, kamar ƙurar da ta maƙale ko karcen da aljihu ya yi. Gwaggo ta zo aron takarda ta tarar ina gogewa. Ta ce in dakata, in kawo ta duba a nata allon, don wannan bai yi mata kama da karce ba. Wallahi zuciya ce ta ɗebe ni. Na ce ta fitar mini daga rumfa, ba na neman ido wurin mai gilashi biyu. Na share kumatun nan sumul, na tura Maraɗi aka buga, daga can aka wuce da su Gidan Sori kai tsaye.

Ashe zanen Gobirawa ne. Zanen gidansu ne da aka yi masa tun yana jariri, tsufa ya sa ya siranta. Kwana uku da manna hotunan magana ta cika ƙauyuka. Abokan hamayyarsa suka samu abin da suke nema, suna yawo suna cewa tun bai hau kujera ba ya ji kunyar asalinsa, ya biya an kankare masa zanen ubansa don ya yi kama da mutanen birni. Wasu tsofaffi ma suka ce wannan ba shi ba ne. Abokina ya zo ya zage ni tas a gaban mutane, ni kuma maimakon in sunkuyar da kai, na ce laifin hotonsu ne da ya ruɓe. Tun daga ranar ba mu sake gaisawa ba.

Bayan zaɓe, wanda dattijon ya faɗi, sai ga shi da kansa. Tun daga Gidan Sori ya biyo mota ya wuce Maraɗi ya zo Agiye. Bai yi sallama da fara'a ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya shimfiɗa hoton a kan teburina, ya matso da fuskarsa dab da tawa, ya bi zanen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kujera ba ta dame shi ba, Allah ke bayarwa. Abin da ya kawo shi, yana son ya ji wa ya ba ni izinin cire abin da mahaifinsa ya sa masa, kuma in faɗa masa da wane baki zai wanke kansa wurin ƴan'uwansa da suka daina zuwa ƙofar gidansa. Na buɗe baki zan ɗora wa allo laifi, na ji kunyar kaina. Da ya tafi na ɗauki hoton na asali da ke cikin ordinater na kai wa Gwaggo. Ta buɗe shi a ɗan allon nan da na raina. Ga zanen nan rangaɗau, layi bayan layi, ko yaro zai gane.

Har yau ina jin haushin ɗan kasuwar nan, amma na fi jin haushin kaina, don ba shi ya kori Gwaggo daga rumfata ba. Ku masu aiki da ordinater, kada faɗin allo ya ruɗe ku. Ku matsa kusa ku duba, in kuna iya ƙirga ɗigonsa da ido, to, akwai abin da yake ɓoye muku. Kuma kada ku goge komai a fuskar mutum sai kun tambayi wanda ya san shi. Na sauya allo tuni, na roƙi Gwaggo gafara ta yafe. Dattijon kuwa sau biyu ina aika masa da hoton da aka gyara, zanensa cif, sau biyu ana dawo mini da shi a naɗe yadda na aika.