Tsawar da Na Daka wa Baba daga Cikin Eskabeta

Shekarun ba su da yawa, amma ba zan rantse cewa komai ya zauna a kaina yadda ya faru ba. Wasu maganganun ina jin su har yanzu kamar jiya aka yi su, wasu kuma ina zargin na ji su ne daga baya a bakin abokai, na ɗauka nawa ne. Abin da nake da tabbaci a kai zan faɗa kai tsaye, inda nake shakka kuma zan nuna.

Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, na dawo Funtua ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Ban ƙi koyarwa ba, sai dai muryata ba ta kai bayan aji, yara kuma sun gane haka tun makon farko. A lokacin ne na ji ana horar da masu tuƙa eskabeta, wato injin haƙa mai dogon hannu da bokiti, wanda mutanen ƙauyenmu ke haɗawa da sauran manyan injuna su ce katafila. Aka ce kamfanonin da ke aikin hanya da madatsun ruwa sun fara neman takardar shaida kafin su damƙa wa mutum inji. Na daɗe ina jujjuya abin a raina kafin na je na faɗa wa Baba.

Baba manomi ne a wajen Mahuta, masara da waken suya yake yi, da ɗan auduga idan shekara ta yi kyau. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ya yi mini magana ido da ido sai dole. Idan yana son in ji abu, ƙanena yake faɗa wa alhali ina zaune a wurin. Da na durƙusa na yi masa bayani, sai ya dubi ƙanen nawa ya ce, "Ka ce masa Allah ya sa albarka." Ban san ko ya ji daɗi ko bai ji ba. Na kwana biyu ina auna wannan 'yar maganar.

Filin koyon wani tsohon rami ne da ake ɗiban jar ƙasa, a bayan gari ta hanyar Dandume. An zagaye wurin da inji ke aiki da igiya, an ɗaura mata jajayen tsummoki. Wata 'yar hanyar ƙafa ta bi ta gefensa zuwa gonaki, mutane na wucewa da fartanya da kekuna.

Mai koya mana muna ce masa Oga. Iyayensa 'yan kudu ne da suka zo kasuwanci, amma a Funtua aka haife shi, Hausarsa kuma ta fi tawa gishiri. Kirista ne, shi ne kuma yake fara kore mu mu je sallar azahar idan muka shagala. Yawancin ɗaliban sun riga ni sanin inji, wasu sun yi shekaru suna tuƙi, takarda kawai suka zo nema. Wanda na fi sabawa da shi wani tsohon direban tifa ne mai barkwanci, shi ya laƙaba mini Farfesa.

"Farfesa, ka gama karanta injin? Mu tuƙa shi muka zo yi."

Yana faɗin haka ne saboda yadda nake zagaya injin da safe. An koya mana duba mai da ruwa da tiyoyi, da neman inda ke yoyo, da sa giris a gaɓoɓin hannu. Kowa zagaye ɗaya yake yi, ni sai na maimaita, don ina gamawa sai in fara shakkar ko na duba ƙarƙashin kacar da injin ke tafiya a kai. Oga bai taɓa hana ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne in riƙa zuwa da wuri.

Ina jin a mako na biyu ne direban tifa ya yi abin da ya jawo mana doguwar huɗuba. Yana cikin injin, bokiti cike da ƙasa a sama, sai ga surukinsa ya biyo 'yar hanyar nan a kan keke, ya ce, "Sannunku da aiki." Kafin mu ankara, mutumin nan ya diro ƙasa ya zube yana gaisuwa, inji na ruri, bokiti na rataye. Oga ya haye da sauri ya sauke bokitin ya kashe injin. Ya jira dattijon ya wuce, sannan ya juyo.

"Mai tifa, injin nan yana da suruki?"

"Oga, uban matata ne fa. Ina zaune a sama kamar wani basarake, yana ƙasa?"

"Da rigarka ta ja libar sarrafa bokitin kana sauka, da yau matarka ta rasa uba, kai kuma ka rasa mata. Sai ka ga wa za ka durƙusa wa."

Muka yi dariya, Oga bai yi ba. Ya ce ya san tarbiyyarmu, shi ma a cikinta ya tashi, amma a nan doka ita ce bokiti a ƙasa, a ja ƙarfen kulle, a kashe inji, sannan a gaisa. Idan kuma wani ya tsallako igiya, ko wane ne, a tsaya cak a kore shi. Na amince da maganar a kaina, amma na yi addu'a kada Allah ya gwada ni da ita, don ni ko almajirin kasuwa ban iya ɗaga wa murya ba, balle babba.

Sannu a hankali hannuna ya faɗa. Abin da ban zata ba shi ne daɗin aikin. Akwai wani lokaci da mutum ke daina tunanin wace liba ce ke yin me, sai bokitin ya zama kamar tafin hannunsa. Ka ga haƙoransa sun shiga ƙasa, baƙar ta sama ta wuce, ja ta fito, ƙanshinta ya taso. A cikin ɗakin injin babu wanda ke jiran in yi magana, hakan kuma ya yi mini.

Jarrabawar ƙarshe ta faɗo cikin bazara, ana ta haramar shuka. Mai jarrabawar wani dattijo ne mai furfura da aka turo daga wani gari. An ce kowa zai haƙa rami a miƙe bisa zaren da aka ja, ya loda tifa, ya ajiye inji daidai, duk cikin lokacin da aka yanka. Wanda ya faɗi sai wani zagayen, ni kuwa na riga na bar koyarwa. Lokacin shi ne abin tsorona, don kowa ya san ni da nawa.

Na gama ramin, na fara lodi. Direban tifa ne a cikin tifar, Oga yana can ta ɗaya gefen. Na ciko bokiti, na ɗaga, ina juyowa da shi, sai na hango farar riga a cikin igiya. Baba ne. Daga baya na ji wai taki ya shigo saye, hanya kuma ta biyo da shi. Duk wanda ya san Funtua ya san hanyar masu taki ba ta biyowa ta nan.

Ba wurina ya nufa ba, ba zai taɓa yin haka a gaban mutane ba. Ya hango mai furfura tsaye da takarda, ya ga shi ne babba a wurin, ya tafi ya gaishe shi. Hanya mafi kusa kuwa ita ce ta ƙarƙashin hannun injin. Igiyar ya tsallake ta kamar yadda yake tsallake kunya a gona.

Na tsayar da juyin a hankali don kada ƙasa ta zubo, na danna ham. A hanyoyinmu ham gaisuwa ce. Baba ya ɗaga hannu ya amsa, ko waiwayowa bai yi ba, ya ci gaba da tahowa. Na sake dannawa, ya sake ɗaga hannu. Ba zan iya sauke bokitin ba don ya kusa zuwa ƙarƙashinsa, ba zan iya sauka in bar shi a sama ba. Sai na leƙo ta taga.

"Baba! Koma baya! Fita daga igiyar nan!"

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Ta rufe rurin injin. Baba ya tsaya, ya ɗaga kai, muka haɗa ido, abin da ban tuna rabon da mu yi ba. Sannan ya ga abin da ke saman kansa. Ya ja da baya ba tare da gaggawa ba, ya tsallake igiyar, ya gyara hularsa.

Na sauke bokitin ƙasa, na ja ƙarfen kulle, na kashe inji, na sauko. Na je na durƙusa.

"Baba, ina wuni? An zo lafiya?"

Ya dubi wani gefe ya ce, "Lafiya lau. A je a yi aiki."

Na koma na ƙarasa lodin, amma hankalina ba ya wurin. Na daka wa mahaifina tsawa a gaban jama'a, ga lokaci kuma na tabbata ya wuce. Da na ajiye injin, mai jarrabawar ya zo ya duba ramin, ya ce ƙarshensa ya ɗan karkace, gaskiya ne kuma. Na tambaye shi maganar lokaci cikin in'ina. Ya ce lokacin da mutum yake cikin igiya ba ya cikin lissafi, laifin nasu ne da suke ƙasa ba su gan shi ba. Ya ce na ci.

Na yi hamdala, amma rabin nauyin ne ya sauka. Baba yana zaune a gindin wata darbejiya, Oga ya kai masa ruwa ya durƙusa a gefensa. Na tsaya nesa kaɗan, inda zan iya ji.

"Yanzu shi wannan abin," in ji Baba, "ko hakimi ne ya shigo haka ake yi masa?"

"Ko gwamna ne, Baba."

"To, madalla." Ya kurɓi ruwa. "Shi wancan ɗin, ashe yana da murya."

Direban tifa da ya iso lokacin ya ce, "Baba, mu ma yau muka sani. Har tifa sai da ta girgiza."

Baba ya yi dariya, irin wadda ba ya yi a gida idan ina wurin. Da zai tashi sai ya ce wa Oga akwai wani kwazazzabo da ke cin gefen gonarsa kowace damina, a tambayi wancan ɗin ko katafilar tana iya gyara irinsa. Ina tsaye taku kaɗan daga gare shi. Oga ya juyo da fuskar gaske ya ce, "Farfesa, an ce a tambaye ka." Na ce tana iyawa. Oga ya juya ya ce, "Baba, ya ce tana iyawa."

Takardar ta fito bayan 'yan makonni. Tun daga lokacin na yi aikin kwalbatoci da ƙananan madatsun ruwa tsakanin Kafur da Malumfashi, ina kuma jin daɗin sana'ar, duk da har yanzu zagayen safe biyu nake yi. Kwazazzabon Baba sai bayan damina biyu na samu aron inji na gyara. Ranar ya zauna can bakin gona, ya hana kowa matsowa, har da mai unguwa.

Akwai inda ni da direban tifa muka saɓa. Shi ya dage cewa har hannu na nuna wa Baba kamar mai korar akuya, ni kuwa ina ganin hannayena biyu ba su bar liba ba. Oga ya ce bai gani ba, injin ya tare shi. Baba kuma ba wanda zan tambaya ba ne. Saboda haka duk wanda yake filin nan a ranar, ko cikin 'yan ajinmu ko masu wucewa gona, idan ya ga na ƙara ko na rage, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara, ko da gyaran ba zai yi mini daɗi ba.