Ƙulli Na Uku a Igiyar Dillali

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuli, da hantsi, ɗanka na biyu ya yi sallama a ƙofata ya ce ka cika. Kai da masu haya suka sani da Mai Igiya, dillalin gidaje, abokin gardamata na shekara arba'in da ɗaya.

Ban yi makaranta ba, kai ma haka. 'Yata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara min magana. A wurin makoki na ji ana yabonka ana cakuɗa shekaru. Ni abin da idona ya gani zan faɗa, yadda ya faru.

Shekarar da masaƙarmu ta rufe reshenta na garinmu, aka ba ni takardar canjin wurin aiki zuwa birni. Manaja ya ce kwana bakwai gare ni, in Litinin ta yi ban tsaya gaban injina ba, mutum goma na jiran gurbin. Na taho da Inna mahaifiyata, wadda ɓarin jikinta ya shanye, da gadonta na ƙarfe da tsatsa ta haɗe kusoshinsa, ba ya kwancewa. 'Yan'uwa suka ce in bar ta a hannunsu, ko in sayar da gadon. Na ƙi duka biyun. Wani direban babbar mota ya ba mu aron rumfar da yake ajiye tayoyi a bayan tasha, ya ce mako guda kawai, kayansa na hanya. Ka ga ke nan, in ɗaki bai samu ba, ko dai in rasa aiki, ko in mayar da Inna inda ba na so.

Direban nan ne ya kira ka. Na zaci za ka fara da tambayar abin da ke aljihuna. Sai ka jingine kekenka, ka wuce ni, ka durƙusa gaban gado kana gaida Inna kamar kun daɗe da sanin juna. Sannan ka zaro igiya, ka auna tsawon gadon ka ƙulla, ka auna faɗinsa ka ƙulla, ka aike ni in samo maka ruwan sha. Da na dawo na iske Inna tana dariya, ita da na yi wata uku ban ji dariyarta ba. Ban san abin da kuka faɗa ba.

Ɗakin farko a saman bene yake, matattakala ta hana gado juyawa, wannan ban yi musu ba. Na biyun ne ya haɗa mu rigima. Sabon fenti, famfo a tsakar gida, kuma daga ƙofa ana hango bututun masaƙa. Ka auna ƙofa, ka auna bango, komai daidai. Sai ka tsuguna ƙarƙashin taga ka ba ni baya, ka ɗan jima, ka miƙe ka ce, "Ba namu ba ne."

Na ce, "Malam, gado zai shiga ko ba zai shiga ba?"

Ka ce, "Har da rara."

"To me ya rage?"

"Sana'a ta rage, Taurin-kai."

Daga ranar sunan ya bi ni. Alhamis ka sake ƙin wani ɗakin, bayan irin wannan tsuguno. Asabar na zagaya ta bayanka na koma ɗakin fenti, na tarar wani ma'aikacin gidan waya yana shigar da kujerunsa. Abin da na faɗa maka a bakin tasha ranar, gaban mutane, ba zan bari 'yata ta rubuta ba. Kai dai ka saurara har na gama, ka ce gobe da la'asar in shirya amalanke.

Lahadi ka kai mu wani lungu, tsohon gida, ɗaki mai baƙin hayaƙi a silin, ƙofa a karkace, tafiyar minti arba'in zuwa masaƙa. Tagarsa kuwa can ƙasa take, tana kallon hanya. Na ce, "Wannan taga ai ko akuya za ta leƙo." Ka ce, "To sai ta gaida Inna." Da hannunka ka nuna inda za a sa gadon. Na karɓa ne kawai don ba ni da wani zaɓi. Litinin na tsaya gaban injina.

Shekara shida Inna ta yi a ɗakin nan. Ita da a garinmu ta juya fuska ga bango, sai ga shi in na dawo aiki ita ke ba ni labarin unguwa: telan da ke tsallaken hanya ya ɓata wa wata ɗinki, mai gawayi ta haihu, wane ya yi sabon keke. Mata na tsayawa a taga su gaishe ta, wasu har su zauna a ƙasa ana hira. Ni duk na ɗauka dace ne. Na ci gaba da yi maka gorin ɗakin fenti, kuma kullum in mun haɗu wurin mai shayi sai na tambaye ka me kake dubawa a ƙarƙashin tagogin nan, gara ce ko danshi? Sai ka ce, "Sha shayinka kafin ya huce."

Na ga sauran dabarunka. Kana zuba ruwa a daɓe ka ga inda zai gangara. Kana fara gaida maƙwabta kafin mai gida. Ka taɓa hana wani maigadi ɗaki mai kyau don akwai injin niƙa a bayansa, ka ce mai barcin rana ne. Waɗannan duk na gane su. Tsugunon nan ne ya gagare ni.

Da mutane suka ragu a wurin makokinka, mai ɗakinka ta jawo akwatin ƙarfe ta buɗe. Igiyoyi ne cike, kowacce an ɗaura mata ɗan ƙyalle don shaida. Ta ce, "Malam, duba ko akwai taka." Na gane tawa da gefen tsohon zanen Inna mai ɗigo-ɗigo. Ƙulli uku ne a jikinta, ni kuwa biyu na ga ka yi.

Har yau a ɗakin nake, gadon ma yana nan. Na auna, ƙulli ɗaya tsawo, ɗaya faɗi. Na ukun gajere ne, kusa da bakin igiyar. Na gwada shi a ƙafar gado, a ƙofa, a katifa, bai dace da komai ba. Kwana biyu ina fama. Rana ta uku bayana ya gaji, na kishingiɗa a kan gadon, kaina a bisa matashi, igiyar na hannuna tana reto. Bakinta ya taɓa ƙasa, ƙullin ya tsaya daidai idona. Na juya kai, sai ga dokin taga ɗan ƙasa kaɗan da ƙullin, ga hanya gaba ɗaya a buɗe, har ƙafafun tela ina gani a kan keken ɗinkinsa.

Ashe don haka ka aike ni ɗebo ruwa. Ni ina neman inda gado zai shiga, kai kana neman inda Inna za ta ga mutane.

Tambaya ɗaya ta rage min: ita ce ta roƙe ka, ko kai ne ka lura? Ku biyun da kuka sani duk kun tafi. Maganar bakin tasha kuwa, na janye ta, ko da na makara.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da jikokinka, da dukanmu da ka sama wa makwanci. Allah Ya ba mu haƙuri. Igiyar kam ba zan mayar ba, su yafe min. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka, Ya buɗe maka taga zuwa Aljanna, daidai idonka. Amin.