Sun yi mini kara, na ɗauka nasara ce

A lokacin ina ɗalibin digiri na biyu a fannin kwamfuta, ɗan wani ƙauye kusa da Minjibir, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Aikina shi ne haɗa muryar na'ura da za ta riƙa karanta wa manoma saƙonnin waya da Hausa. Kafin in kammala, dole a gwada ta a kunnen mutane: a kunna musu tawa da wata tsohuwar murya da ake amfani da ita, su faɗi wadda suka fi ganewa. Na tafi gida da rani, na shimfiɗa tabarma a zaurenmu, ina kunna wa jama'a da hannuna. Kusan kowa tawa ya zaɓa. Malamin da ke duba aikina ya yaba, har aka sa ranar kare kundi.

Da na koma gida neman addu'a, ina gaida gwaggona tana ta cewa in ɗaga murya. Ga shi kuwa tana cikin waɗanda suka zaɓi tawa. Na tambaye ta yadda aka yi. Ta yi dariya ta ce ita ba ta ji komai ba, fuskata ta kalla, duk wadda na gyara zama ina murmushi idan ta zo, ita ta nuna. Kawuna ma ya ce ai ba a kunyata ɗan gida a zauren ubansa.

Wallahi sai da na yi hawaye. Zuciya ta ce in yi shiru, wa zai sani? Amma na tuna manomin da zai ji awon maganin feshi a karkace ya ƙone gyaɗarsa. Na faɗa wa malamina gaskiya, aka soke ranar, abokan karatuna suka gama suka bar ni.

Na sake ɗaura ɗamara. Na nufi wani ƙauye ta wajen Rimin Gado inda ba a san ni ba, na ba abokina na'urar da muryoyin biyu ke ciki ba tare da ya san wacce ce tawa ba, ni kuma na zauna a waje. Muka daina tambayar wadda ta fi daɗi, sai dai mutum ya maimaita abin da ya ji. Tawa ta sha ƙasa warwas. Har yau gyaranta nake yi, kuma in sha Allahu sai na ga bayan aikin nan.

Ɗalibai 'yan'uwana, ku kiyayi sakamakon da ya zo muku yadda kuke so. Mutanenmu masu kara ne, ba za su yarda ka tashi da kunya ba. In kana son gaskiyar abin da kunnen mutum ya ji, to ka ɓoye masa fuskarka.