Baƙin Burodin Malam Yosiya

Duk wanda ya yi aure a layinmu na Sabon Gari, a Keffi, kek ɗin Mama Anjelina ya yanka. Ba ta da oba, wato murhun gashi na zamani. Tukunya ce babba da yashin rafi a ciki, sai gawayi, ma'auninta kuma gwangwanin madara. Ni maƙwabciyarta ce shekara ashirin, ina kuma ƙaunarta, amma gaskiya ɗaya ce: matar nan akwai rowar sani. In kin tambaye ta yadda ake haɗi sai ta ce, "Hannu ne kawai, 'yata," ta sako wani zancen.

Mijinta, Malam Yosiya, tsohon malamin lissafi ne, ya yi karatu a Rasha tun yana saurayi. Bai dawo da komai ba sai hular gashi da labarin wani baƙin burodi. Shekara ashirin muna shan labarin nan har muka haddace. Mama kan ce, "Baban Prosper, burodin da ya ƙone ne aka ba ku, kuka ɗauka gata ne."

Da hawan jini ya kwantar da shi, sai ya rufe baki ga abinci. Tuwo, fate, kunu, duk ya kau da kai. Likita ya ce in bai ci ba, magani ba zai yi aiki ba. Shi kuwa burodin nan kaɗai yake ambato.

Ɗansu Prosper ya sha cunkoson Mararaba sau biyu kafin ya samo shi a wani kanti a Abuja, cikin leda mai rubutun waje. Malam ya shinshina, ya ture. Ranar na ga Mama ta yi kuka a bayan kicin.

Da ta wanke fuska ta koma wurinsa. "To, faɗa mini yadda yake a baki."

"Nauyi kamar bulo," in ji shi. "Ga tsami irin na kunun da ya kwana."

Washegari ta hau keke zuwa Tudun Ƙofa, wurin Zubaidatu mai masa, ta roƙi ƙullin da ya kwana. Matar da ba ta taɓa tambayar kowa komai ba a kan girki, ta zauna kan kujera 'yar tsugunno ana koya mata yadda tsami yake tashi. Ta dawo ta haɗa fulawa da garin jar dawa, ta ƙona sukari don ya yi baƙi. Na farko ko kajina sun ƙi shi. Na biyu bai gasu a ciki ba. Sai na uku ta kira ni na riƙe mata faranti.

Malam ya gutsura, ya barbaɗa gishiri, ya daɗe yana taunawa.

"Ba shi ba ne," ya ce.

Sai muka ga ya miƙa hannu ya ƙara gutsura.

"Maman Prosper, dawa kika sa?"

"Ita na samu."

Ya yi dariya, hawaye na zuba. "Can ɗin, kullum in ina cin nasu, tuwon dawar uwata nake tunawa. Na dawo nan kuma na koma kewar wancan. Yau kin haɗa mini su a faranti ɗaya."

Ranar Lahadi bayan sujada, Mama ta miƙe a zumuntar mata ta karanto haɗin burodin gwangwani-gwangwani, ta ce wurin mai masa ta samo shi, ba ta da ikon ɓoyewa. Wata 'yar zumunta, Catherine, ta yi wuf ta ce, "Mama, na kek ɗin fa?" Mama ta harare ta, ta ce mako mai zuwa, yanzu sauri take yi.

Malam ne ya aiko a faɗa mata ya cinye na jiya, yunwa yake ji.