Cibiyar Taya

Baba ba ya ce masa bawul, cibiya yake ce masa. Ɗan bututu ne da ke leƙowa daga ƙarfen taya, ta nan ake hura iska, tsawonsa bai fi ɗan yatsana ba. A manyan tayoyin tarakta na baya kuwa har ruwa ake ɗurawa, don su yi nauyi su kama ƙasa. In cibiya ta karye, sai ka ga tayar da ta fi ni tsawo tana tsiyaya kamar randar da ta tsage, aiki ya tsaya.

Shekarata goma sha biyu lokacin da Baba ya zo Sokode ya ɗauke ni daga gidan Gwaggo, inda nake tun rasuwar Inna. Gwaggo ta riga ta yanke cewa in shekara ta ƙare zan bar lakwal, wato makarantar boko, in zauna mata a rumfar atamfa. Baba bai yi gardama da yayarsa ba. Ya dai ce ya samu aikin tuƙa taraktar wata ƙungiyar manoma a Dapaong, can arewa da nisa, kuma yana bukatar mai dafa masa abinci.

A Dapaong ɗaki ɗaya muka kama a gidan wata tsohuwa, wadda gaisuwa kaɗai ke haɗa mu da ita. A lakwal in an fita hutu, yara su koma yaren Moba, ni kuma in zauna gindin mangwaro ina kallon tururuwa suna jan ɓarɓashin ƙosaina. Da yamma taraktar na tsayawa a ƙofar gida. Ina son zama a inuwar tayarta, ina jin ƙarfen injin yana ƙas-ƙas yana hucewa.

Da ruwan farko ya sauka, cibiyar tayar hagu ta daki kututture ta karye a wata gona ta hanyar garin Nano. Kwana uku aka rasa. Mako bai zagayo ba ta sake karyewa. Shugaban ƙungiyar ya zo har gida, dattijo ne mai Hausar kasuwa, komai namiji ne a bakinsa.

"Direba, ƙasa ya jiƙe, mutane yana jira," in ji shi. "In taya ya sake zubar da ruwa, za mu nemi wani hannu."

Bayan ya tafi Baba ya daɗe yana juya tuwo a kwano.

"In aikin nan ya tafi, sai dai in koma tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, a Sinkase," ya ce. "Ke kuma sai Sokode."

Ba na jin daɗin Dapaong, amma a nan ina da aji da littafi, ina kuma da shi.

Washegari ya yanko tsohon tiyub ya naɗe cibiyar da roba har ta yi kaurin gwangwanin tumatir. Mu mutanen zango, unguwar Hausawa, roba ce maganin komai. Da ita ake ɗaure famfo mai yoyo, da ƙafar kujera, da buhun doya a bayan moto, wato babur. Baba ya ja ya ɗaure, ya buga da tafin hannu, ya ce, "To, yanzu mu gani."

Ni na gani. Kullum in ya dawo ya shiga wanka, sai in tsuguna in duba. Ciyawa da zaren tsohon kara sun cusa kai ƙarƙashin robar. Da can cibiyar siririya ce, abubuwa da yawa na wuce ta. Yanzu ta yi ƙiba, duk abin da ta gifta sai ya kama ta ya ja. Ranar farko a miƙe take. Rana ta biyu ta ɗan kwanta baya. Rana ta uku na ga danshi a gindinta, alhali sauran tayar a bushe.

Kwana ukun nan ina shirya maganar a hanyar lakwal, in na zo gabansa ta maƙale. Yarinya ba ta gyara wa uba aikinsa. Sai da nake zuba masa ruwan wanke hannu, idona na kan buta, na ce, "Baba, cibiyar tana kuka."

"Wace cibiya?"

"Ta hagu. Robar ce ke jan ta."

Ya dube ni, ya tashi da hannu a jiƙe ya fita. Na ji shi yana warware robar. Daga baya ya ce, "Sa takalminki."

Mai walda yana bayan tasha, ƙato ne mai dariya da yawa, shi ma Hausar kasuwa yake yi. Baba ya ce a yanka guntun bututun ƙarfe a manna shi kewaye da cibiyar, ya zame mata katanga. Ya ce a yi yanzu-yanzu, da tayar a jiki, don gobe akwai gona.

"Wuta a kan taya mai iska?" in ji mai walda. "Malam, kana so mu uku mu sauka Wagadugu ba mota? A zubar da ruwa, a cire taya, gobe da azahar ka zo."

"Yini guda fa ke nan!"

"Yini ɗaya ko kai ɗaya, zaɓi."

Mai walda ya yanko bututun ya ɗora don gwaji, ya juyo gare ni. "Ƙaramin injiniya, ya yi?"

Kunya ta rufe ni. Na nuna da yatsa, na ce taɓo zai cika ciki ya bushe, ba hanyar fita. Ya ƙyalƙyale da dariya har da dafa gwiwa, sannan ya ɗauki zarto ya yi wa bututun tsaga a gefe.

"Yarinya ya fi ka ido, Malam."

A hanyar gida Baba ya saya mini rake.

Cibiyar ba ta sake karyewa ba. Da aka ga taraktar ba ta tsayawa, sai ƙauyuka na nesa suka fara aiko a zo musu. Baba ya riƙa tafiya Nano da gaba da Nano, yana kwana a gonaki, mako guda, wani lokaci ya fi. Ƙofar gida ta zama fili, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Na kan auna garin mutum biyu saboda sabo, in ci nawa, in kai wa tsohuwa sauran. Ta karɓa ta yi mini doguwar magana da yarenta, in gyaɗa kai.

Ban koma Sokode ba. A ƙarshen shekarar karatu aka raba takardar sakamako, na zo ta uku. Na sa ta cikin littafin lissafi don kada ta lanƙwashe, kwana shida ina buɗewa ina rufewa, kafin na ji ƙarar injin daga kan kwana. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya sa na karanta masa Faransancin layi-layi. Ya ce madalla. Na shiga in ɗumama miya, da na fito ya yi barci a zaune, takardar na kan cinyarsa.